Deksametason da gwajin jini: jan hankali ga masu kemis da ɗakunan gwaji a Kano

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu ja hankalin masu shagunan kemis da ma'aikatan ɗakunan gwaji na birnin Kano kan yadda ake ɗirka wa jama'a deksametason da firednisolon, magungunan danne kumburi da ake kira sitiroyid. Ana sa su a haɗin ciwon jiki da na mura, ana kuma samun su a ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe. Gargaɗin da aka saba yi bai wuce na ciwon suga da hawan jini da kumburin fuska ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan magunguna suna shiga tsakanin fararen ƙwayoyin jini da saƙonnin da ke yanke musu rayuwa ko mutuwa, kuma daga nan takardar gwaji take fara ruɗa mai karanta ta.

A ɗauki nutrofil, wadda ita ce ta fi yawa a fararen ƙwayoyin jinin baligi. Ɓargo yana fitar da kimanin biliyan 100 a kullum, kuma kowacce da wa'adinta take fitowa: awoyi ne zuwa kwana ɗaya ko makamancin haka. Abin da ke riƙe ta da rai wani furotin ne a cikinta mai suna Mcl-1, wanda ke saurin lalacewa. Lamarinta kamar na leburan yini ne, in ba a ce masa ya dawo gobe ba aiki ya ƙare. Masu cewa a dawo su ne sinadaran saƙo na kumburi, wato saitokayin irin su GM-CSF da G-CSF da IL-1, tare da dafin bakteriya da ƙarancin iskar oksijin a wurin ciwo. Da zarar an ci galabar cuta saƙon ya ja baya, Mcl-1 ya ƙare, sai wasu sinadarai da ake kira kasfes su yanyanka ƙwayar daga ciki ba tare da fatarta ta fashe ba. Makrofej, wata babbar farar ƙwaya mai share datti, ta zo ta haɗiye gawar, sannan ita kanta ta fara sakin IL-10 da TGF-beta masu kwantar da kumburi. Ashe mutuwar nutrofil a kan lokaci tana cikin abin da ke warkar da ciwo. In ta ƙi mutuwa, ko ta fashe kafin a kwashe ta, gubar da ta tanada don bakteriya a kan naman jiki take zuba.

TNF, wani saitokayin ɗin da aka gano a 1975, ya fi kowa fuska biyu. In ya sauka a kan ƙwaya, yakan fara kunna wata hanyar saƙo a cikin ƙwayar mai suna NF-kB, wadda ke sa a ƙera furotin masu kare rai kamar cFLIP. In wannan hanya ta toshe, saƙon nan dai shi zai tayar da kasfes-8 ƙwayar ta mutu salin-alin. In kuma kasfes-8 ne aka danne, kamar yadda wasu bairos ke yi, sai wasu furotin biyu, RIPK3 da MLKL, su huda fatar ƙwayar ta fashe, kumburi ya ƙaru. Su kuwa limfosait na T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, saƙon IL-2 ke sa su hayayyafa lokacin cuta. Bayan an warke kusan kashi 90 cikin 100 nasu mutuwa suke yi, a bar 'yan kaɗan masu tuna cutar, waɗanda IL-7 da IL-15 ke ciyarwa.

To, deksametason yana danne NF-kB, ya rage TNF da IL-1 da IL-6. Zazzaɓi ya sauka, ciwon gaɓoɓi ya lafa, abinci ya shiga, mara lafiya ya yi wa mai kemis godiya. Amma a cikin jini ga abin da ke faruwa. Cikin 'yan awoyi nutrofil da ke manne a bangon jijiyoyi sukan saki su shiga jini, ɓargo ya ƙaro wasu, maganin kuma ya jinkirta mutuwarsu, sai dai ya rage musu iya ratsawa zuwa inda cutar take. Limfosait sukan ragu, da farko saboda sun bar jini sun koma ɓargo da kaluluwa, in shan ya daɗe kuma har da mutuwar wasunsu. Iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin, kan kusan ɓacewa. CRP, furotin da ake aunawa a jini don gane kumburi, shi ma yakan sauka, tunda IL-6 ne ke sa hanta ta ƙera shi.

Sai a kai jinin gwaji, a ga jimillar fararen ƙwayoyi ta haura 11,000, wato ta wuce iyakar da aka saba gani, a ce akwai cuta a jini ko taifot, a ɗora mutum a kan allurar antibayotik da ba ya bukata. Wanda kuma ke da cutar gaske, an riga an ɓoye zazzaɓinsa. A ganinmu wannan na biyun ya fi haɗari, musamman ga tarin fuka, ganin Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi. TNF ne ke riƙe da ƙullutun da garkuwar jiki ke killace ƙwayar tibi a huhu. Firednisolon miligiram 15 a kullum na tsawon wata guda ya isa ya ƙara haɗarin tashin tsohon tibi, kuma wannan bai wuce deksametason miligiram 2 da ɗan ɗori ba, domin miligiram 0.75 nasa daidai yake da 5 na firednisolon. Ciwon hanta nau'in B ma yakan farka in maganin ya danne garkuwar jiki.

Ba cewa muke maganin ba shi da amfani ba. A binciken RECOVERY da aka yi a Birtaniya a 2020, miligiram 6 a kullum har zuwa kwana 10 ya rage mace-macen masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa uku, amma bai amfani waɗanda ba sa bukatar oksijin ba. A zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, binciken Tailan na 1982 ya nuna tsawaita suma yake yi. Lokacin da aka ba da shi da irin cutar su ne ke yanke hukunci, kuma ba a kan kantar kemis ake tantance wannan ba.

Ga 'yan uwanmu na ɗakin gwaji: kafin a ɗebi jini a tambayi mutum ko ya sha haɗi ko an yi masa allura a 'yan kwanakin nan, a rubuta a takardar. Kada a tsaya a jimilla, a duba rabe-raben ƙwayoyin. Nutrofil sama, limfosait ƙasa, iyosinofil kusan babu, wannan ya kamata ya sa a yi zargin sitiroyid, ko da yake cuta mai tsanani ma tana iya ba da irin wannan hoto. Shi ya sa sai an shafa jinin a gilashi an duba a madubin likita: yawan nutrofil da ba su gama nuna ba, da baƙaƙen ɗigo a cikinsu, sun fi nuna bakteriya. A kuma tuna mutanen yankinmu da dama nutrofil ɗinsu a halitta bai kai na Turawa yawa ba, saboda haka adadin da ke cikin iyaka a takarda zai iya zama hauhawa a wurinsu.

Masu kemis kuma, don Allah, duk wanda ya zo da tarin da ya kai mako biyu, ko rama da gumin dare, a tura shi gwajin majina, wanda kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Wanda ya riga ya haura mako uku yana shan maganin, kada a ce ya daina rana ɗaya, domin ƙullin da ke saman ƙoda ya rage ƙera sitiroyid ɗin da jiki ke yi da kansa, jini na iya faɗuwa ya suma. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Muna kuma kira ga NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su sa ido kan sayar da shi ba tare da takardar likita ba, tun daga dillalan sari har zuwa shagunan unguwa.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da masana gwajin jini,
Kano.