Firijon da na saya da kuɗin adashe ya mutu a kwana shida

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida malamin da kike gayyata a shirinki na ranar Juma'a. Daga unguwar Bukoki nake rubuto miki, nan Yamai, kuma don Allah kada a faɗi sunana, saboda maganar ta shafi dangin mijina.

Sana'ata sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Shekara biyu ina kai kayana firijon maƙwabciya ina biyan ta, har kwasar adashe ta zo kaina saura mako biyu a fara azumi, jika 150. Na yi niyyar zuwa kasuwar Katako in duba firijo na hannu, sai wata dillaliya ta ce in bar wahala, ɗan ƙanin surukata yana da babban firijo irin mai murfi a sama, zai sayar don matarsa ta samu sabo. Na je na gani. An jona shi da kuran, na sa hannu ciki na ji sanyi har bangonsa ya yi fari. Na tambaye shi da bakina ko yana da wata matsala, ya ce, "Haba Yaya, ni zan cuce ki?" Muka daidaita a jika 120, dillaliya ta karɓi la'adarta jika 5. Ba mu rubuta komai ba. Wa zai ce wa ɗan gida ya sa hannu a takarda?

Kwana uku na farko lafiya lau. Na huɗu ƙanƙara ta fara fitowa da ruwa a tsakiya. Na shida injin na ta ƙugi dare da rana, bayansa zafi kamar tukunya, zoɓo leda 200 ya lalace mini.

Mai gyaran da na kira ya buɗe bayansa ya nuna mini wurin da aka yi walda, sabuwa fil, da maiƙo a jikin bututu. Ya ce gas ɗin yoyo yake yi daga bututun da ke cikin bango, an cika shi ne dab da sayarwa don ya riƙe sanyi na 'yan kwanaki. Gyara jika 40, kuma ya ce ba zai rantse mini zai daɗe ba.

Da na koma wurin yaron, sai ya canza fuska. Wai kayan hannu ba shi da garanti, wai ɗauke kuran da kawowa ne ya ƙona shi a gidana, kuma tun da na bari wani ya kwance shi, shi ba ruwansa. Dillaliya kuwa ta ce ita haɗa ciniki ta yi, ba ta shiga cikin firijo ba. Maigidana ya ce in bar wa Allah, kada in jawo abin da zai sa mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwata. Na fahimce shi. Amma har yanzu ina zuba adashen nan duk mako, Hajiya, ina biyan kuɗin akwatin ƙarfe da yara ke zama a kai.

Ni dai na taso ina jin malamai na cewa wanda ya ɓoye aibin kaya ya yi algus, kuma mai saye na da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. To, ina so Malam ya fayyace mini: wannan ya haɗa da kayan hannu? Kwancewar da mai gyara ya yi ta zubar mini da hakki ne, alhali ba don ita ba da ban ga waldar ba? Shaidar mai gyara da ta dillaliya ta isa, tun da babu takarda?

Sannan ta ina zan fara? Ƙawata ta ce in tafi komisariya kai tsaye, amma ranar da aka kai wa yaron sammaci zumunci ya ƙare. Ina tunanin in fara da surukata, ko limamin masallacinmu, ko mai unguwa. In yaron ya ce zai biya kuɗin gyara kawai, in karɓa ko in tsaya a kan jika 120 ɗina?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronki daga Bukoki