Aminina, kar ku sayi tablet ɗin nan tukuna

Tawa, daren Juma'a

Assalamu alaikum aminina. Ina gajiya, ya sanyin Faransa, ya madam da yara? Mu nan lafiya lau sai zafi, ka san Tawa in Afrilu ya kama, tun ƙarfe goma rufin kwanon aji ya ɗau wuta yara suna ta fifita da kaye. Tsohuwa tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar nan ya karɓe ta.

Na saurari vokal ɗinka har sau biyu. Ka ce kai da ƴan ƙungiyarku kun haɗa kuɗi za ku sayo tablet 20 ku aiko wa lise ɗinmu. Wallahi na ji daɗi, Allah ya saka muku da alheri, mutum ya yi nisa haka bai manta inda ya zauna a benci ba. Amma don Allah ku dakata, shi ya sa ma na zauna na rubuta maimakon vokal, ina so ka karanta wa sauran.

A makarantar da na koyar kafin a maido ni nan an taɓa kawo kwamfutoci kyauta, aka yi taro aka ɗau hoto, aka rufe ɗaki aka ba mutum ɗaya makulli. Ba wanda ya saci ko waya ɗaya, tsoro ne kawai, kowa na gudun ta lalace a hannunsa, kuma ba a koya wa ko malami guda yadda zai yi darasi da ita ba. Ranar da na matsa aka buɗe mini, ƙurar hunturu ta rufe komai har ina rubuta sunana da yatsa a kan tebur, zanzaro ya yi gida a bayan guda biyu. Abin ya daɗe yana cin raina.

To ga abin da na ga ya yi aiki, da tsohuwar kwamfutata da projekta guda na aro. Akwai wata manhajar lissafi GeoGebra, kyauta ce kuma tana aiki ba reso. Shekara nawa ina zana parabol, lanƙwasasshen layin nan mai kama da U, da alli ina cewa in lambar da muke kira "a" a lissafinta ta koma ƙasa da sifiri bakinta ƙasa yake kallo, su haddace su manta. Ran nan na haska a bango na kira wata yarinya ƴar sakan, daga cikin masu zama can baya da ba ka jin muryarsu, na ce ja wannan ɗigon da ke canza lambar "a". Tana ja layin yana buɗewa yana buɗewa har ya miƙe ya kwanta, sai ya kife. Aji ya yi tsit, ita kuma ta juyo ta ce mushe ashe a sifiri ba parabol ba ce, layi ne. Ban gaya mata ba fa, ita ta gani.

Haka a fizik. Ka san labo ɗinmu suna ne kawai. Akwai PhET na jami'ar Colorado a Amurka, wato gwaje-gwajen labo da ake yi a kwamfuta, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel shi ya fara shi a 2002, ana saukewa sau ɗaya a yi ta amfani, da Faransanci ma akwai. Yara suka haɗa batir da kwan fitila a bango, wani mai rawar kai ya haɗa waya kai tsaye daga baki zuwa baki sai batirin ya kama da wuta a hoton, aka kwashe da ihu. Tun ranar ban sake wahalar bayanin kur-sirkwi ba, har wani ya ce yanzu ya gane abin da ya ƙona shagon kawunsa.

Matsalar farko wuta ce. Kai ma ka ji yadda muka sha a 2023 da Najeriya ta yanke layi a watan Agusta, sai Maris na 2024 aka maido, kuma ko yanzu in zafi ya yi sai ta ɗauke ana tsakiyar darasi. Alhali rana ce Allah ya hore mana, ga tashar sola ta Malbaza nan kusa da mu mai megawat 7 tun 2018. Fanon sola biyu da batir mai kyau sun ishi projekta yini guda.

Ta biyu ita ta fi damuna. Lokacin korona da aka rufe makarantu a Maris na 2020, da kuma 2024 da ambaliya ta sa aka ɗage komawa sai 28 ga Oktoba, mun gwada tura darasi ta WhatsApp. Na ƙirga a ajina na tarminal, cikin 68 waɗanda ke da babbar salula tasu ta kansu ba su kai 25 ba, kuma galibi maza ne. Ƴan mata sai su jira yaya ko baba ya dawo da dare, in ya yarda, in akwai forfe. Ɗan da ya zo daga ƙauye yana zaune gidan mariƙi kuwa ba a ma maganarsa. Sai na ga ina ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, na daina ba da aikin da sai da salula. To tablet 20 a makaranta mai ɗalibai sama da dubu wa za a ba, wa za a hana? Bango kuwa kowa na ganinsa.

Sai kuma ChatGPT, masu salular sun gano shi. Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu ya kawo maka disertasiyo santala-santala. Ban hana ba, amma duk wanda ya kawo sai ya tashi gaban tablo ya kare abin da ya rubuta, don ran bak ba shi da kowa sai bik ɗinsa.

Don haka ga roƙona. Projekta biyu masu cin wuta kaɗan, fano da batir mu saya a nan don in sun lalace akwai mai gyara, da dis guda na ajiyar bayanai a zuba masa Kiwix, wato Wikipedia da ake buɗewa ba intanet. Abin da ya rage ku bar mana shi na horon malamai, kwana uku a hutu, abinci da kuɗin mai kawai. Malamin tarihi da malamar SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, sun riga sun ce suna ciki, provizer ma ya yarda makulli ya zama uku.

Jibi zan shiga kasuwa in tambayo farashin fano da batir in turo maka hoton takardar. Ka gaya mini ranar da za ku zauna, in da reso sai in shigo ta bidiyo in nuna musu parabol ɗin da kaina. Ka gaida madam, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum.