Ku daina ɗora wa sabis ɗinmu laifi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da amsar da injiniyanku ya bayar a shirin amsa wasiƙu na ranar Asabar. Jama'a sun koka cewa shirye-shiryen da kuke ɗorawa a intanet don waɗanda ba su samu kallo kai tsaye ba sai tsayawa suke yi, shi kuma buɗar bakinsa sai cewa ya yi mu nemi inda sabis ke da ƙarfi. Haba Malam!

Ni aikin dare nake yi, labaranku ba na samun su sai da safe a waya. Ina dannawa, ko minti ɗaya ba a yi sai hoto ya daskare, 'yar da'irar nan ta kama juyi. In jira, ya ɗan motsa, ya sake tsayawa ana tsakiyar magana. A wannan wayar, ina zaune a wuri guda, nake buɗe YouTube ya tafi sumul. To ina laifin sabis a nan?

Na duba wurin zaɓen ingancin hoto a manhajarku, 720p da 1080p kawai kuka ajiye, wato masu hoto tangaram amma masu nauyi. Ciwon ke nan. Masu yin aikin yadda ya kamata hawa-hawa suke matse shiri, daga 240p, 360p, 480p har zuwa sama, sannan a yayyanka kowane kwafi gunduwa-gunduwa na 'yan daƙiƙoƙi. Da sabis ya yi rauni sai waya ta sauko da kanta ta ɗauki gunduwa mara nauyi. Hoto zai ɗan yi dishi-dishi, amma magana ba za ta yanke ba. Kuma ba jiya aka ƙirƙiro wannan ba. Kamfanin Apple ya fito da tsarin HLS mai yin wannan aikin tun 2009, wani irinsa mai suna MPEG-DASH ya biyo baya a 2012, shi kuwa H.264 da ake matse bidiyon da shi tun 2003 yake nan, da wuya ka ga wayar da ba ta iya karanta shi. Injiniyanku ya fi ni sanin duk wannan, shi ya sa amsarsa ta fi yi mini zafi.

Ga kuma data. Bidiyo mai megabit 3 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya na data) yana lashe gigabait 1.35 a awa ɗaya. Mai kilobit 400 kuwa megabait 180 zai ci. Mutum uku ne zaune a tebur suna tattaunawa, me zan yi da ganin zaren hular baƙo? Maganarsa nake nema. Da za ku ajiye mana zaɓin murya kaɗai a kilobit 64, awa guda ko megabait 30 ba za ta kai ba. Sau da yawa datar da na saya don aiki ita ke ƙarewa kafin a kai rabin shiri, in haƙura ban ji ƙarshensa ba.

Tun da na ɗauki alƙalami, don Allah a ja kunnen mai gabatar da shirin siyasa na daren Juma'a. Ya gayyaci dattijo, ya yi masa tambaya, bawan Allah bai kai aya ba ya katse shi. Ba tarbiyya ba ce.

Ina roƙon a karanta wannan wasiƙa a shirin Asabar mai zuwa, a kuma dawo da injiniyan ya faɗa mana ranar da za a ƙara 240p da 360p a manhajar.

Naka,
Mai kallonku na kullum