Tudu yana gargaɗi kafin ya zaftaro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan zaftarewar ƙasa, wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya a nan Kamaru. Ni magini ne, na fi shekara ashirin ina aza bulo a Yawunde, garin da duk inda ka waiga tudu ne.

A watan Oktoban 2023 ruwan sama ya fasa madatsar wani tafki a saman unguwar Mbankolo, laka da duwatsu suka gangaro kan gidaje, kusan mutum 30 suka rasu. A 2019 ma haka ta faru a Bafusam, ƙasa ta binne sama da mutum 40 cikin dare. Allah ya ji ƙansu. Kowane karo sai a ce ƙaddara ce. Ban musa ba, amma wani abin da hannunmu muke jawo shi.

Bara wani Alhaji ya kira ni aiki. Ya sayi fili a gangare, ya sa an datse gindin tudun a tsaye kamar an yanka sabulu, don ya ƙara ɗaki biyu. Na ce masa, "Alhaji, jar ƙasar nan in ta sha ruwa nauyi take ƙarawa, ta saki jiki. Sai an yi mata bango na kankare da rodi, a zuba tsakuwa a bayansa, a bar ƙananan bututu a jiki inda ruwa zai riƙa tsiyayewa. A sama kuma a ja kwata ta kauce wa gidan." Ya ce kuɗin sun yi yawa, ya nemi wani. Wancan ya jera masa bulo, ya shafe da siminti sumul, ko kafar allura bai bari ba. Ai wannan randa aka gina, ba bango ba.

Masu zama a gindin tudu, ku riƙa zagaya bayan gida da damina. In ƙasa ta tsage a sama, ko bishiyar da ka sani a miƙe ta fara karkata, ko ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa haka kawai, ko ruwa mai laka yana tsattsafowa inda da babu, to a kwashe yara a kwana wani wuri. Kada a tsaya haɗa kaya. In kuma ta riga ta zaftaro, a guji cincirindo a ƙarƙashinta: a hanyar da ke hawa tudu zuwa garin Dschang, a Nuwamban 2024, zaftarowa ta biyu ce ta rufe motoci da masu aikin buɗe hanya.

Hukumar gari kuma ta zo tun ana haƙa tushe. Zuwa da jan fenti a sa wa gida alamar rusau bayan an tare ba ya hana komai.

Jiya na bi ta gidan Alhajin. Bangon ya yi ciki, akwai tsagar da yatsana ke shiga. Na sake gaya masa, ya ce sai bayan damina.

Naka,
Wani magini daga Briketeri, Yawunde