Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan tsamin bakin maigidana

Birni, Damagaram

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙurar hunturu.

Saƙonki ya iso, cewa maigidan nawa ya cika shekara 5 amma har yanzu kaza "taza" ce a bakinsa, kare kuma "tare". Ki kwantar da hankalinki. Yaro da m, b, d, n yake fara magana, su r da s da ts kuwa na baya ne, wani sai ya kai shekara 6 suke zama masa. Amma k a wajen shekara 4 ya kamata ta daidaita, don haka ba zan ce a zuba ido kawai ba.

Ki fara da kunne. Yaron da kunnensa ke yawan ciwo ko zubar da mugunya yana jin magana dishi-dishi, abin da ya ji kuwa shi zai maimaita. Ƙyanda da sanƙarau ma suna taɓa ji, kin san ƙasarmu da su. Garinku Mirriya ba nisa, ku zo babban asibiti a duba shi.

Na ji surukarki na zancen wanzami ya tsaga masa ƙasan harshe. Kada ki yi musu da ita, ki bar ɗanta ya lallashe ta. K daga bayan harshe take fitowa, can kusa da maƙogwaro, shi kuma da kan harshe yake yin ta, shi ya sa take zama t. Aska ba ta da aikin yi a nan.

A gida, abu na farko ki hana yayyensa kwaikwayonsa. Ranar da yaro ya gane bakinsa abin dariya ne, rufe shi zai yi. In ya ce "Inna, taza ta sha ruwa", kada ki ce "ba haka ba ne". Ki amsa masa: "I, kaza ta sha ruwa, kaza mai ƙishi." Ya ji daidai sau biyu, ba a kunyata shi ba.

Sannan ki ware minti biyar zuwa goma kullum, bayan la'asar in ya ci ya ƙoshi. Ki tsuguna fuskarki daidai tasa, ga madubi a hannu, ku buɗe baki ya ga yadda kan harshe ke kwanciya bayan haƙoran ƙasa. Kurkurar maƙogwaro da ruwa tana nuna masa wurin. Ku fara da sautin shi kaɗai, sai ka, ki, ku, sai abin da ke tsakar gida: kwano, kuka, kujera, koko. Kada ki yi gaggawar kai shi ga "da ƙato da kwaɗo suka je ƙoto", wannan ni ma da sauran haƙorana sai na yi a hankali. Ƙ sai k ta zauna. Ki rage masa waya kuma, ita ba ta kallon bakin yaro balle ta amsa masa.

Batun lakwal, ki je da kanki ki ga madam bayan an tashi, ba gaban ɗalibai ba. Ajin da ya cika maƙil ba za ta iya bin kowa ba, sai ki roƙi kaɗan: ta zaunar da shi gaba inda zai ga bakinta, ta bar shi ya ƙare maganarsa, ta tsawata wa masu dariya. Ki gaya mata sautin da kuke kai a gida don bakinku ya zo ɗaya. In ya kasa p ko v na Faransanci ba ciwo ba ne, Hausa ce ba ta da su. "Tahi" da "hura" kuma harshen garinmu ne, kada a lissafa masa cikin kuskure.

In wata uku ya wuce babu canji, ko baƙo ba ya gane yawancin zancensa, ki nemi likita ya haɗa ku da masanin gyaran magana.

Ki gaida surukarki da kyau. Ki ce wa maigidana kuɗin cefanena sun taru a kansa.

Mahaifiyarki