Zanga-zangar baƙaƙen fata a Amurka ba aikin banza ba ce, amma an bar ta a rabin hanya

Edita, sallama da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida. Don Allah a ba ni ɗan fili in tanka wata magana da nake yawan ji har a bakin masu ilimi, wai duk fitowar da mutane suka yi a Amurka bayan kashe George Floyd ihu ne bayan hari, tunda har gobe 'yan sanda ba su fasa kashe baƙar fata ba. Ni gaskiya wannan magana tana min ciwo.

Mu tuna yadda abin ya faru. Ranar 25 ga Mayu 2020 a birnin Minneapolis, a kan zargin takardar dala 20 ta jabu, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan bawan Allahn nan da gwiwa fiye da minti 9, hannayensa a ɗaure da ankwa ta baya, fuskarsa a kan kwalta, yana ta cewa ba ya iya numfashi har ya koma kiran mahaifiyarsa wadda ta riga ta rasu. Sanarwar farko da 'yan sandan suka fitar cewa suka yi wai rashin lafiya ce ta taso masa, ko maganar gwiwa babu a ciki. Ba don wata yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya a gefen titi ta ɗauka da wayarta ba, da shi ke nan an binne maganar tare da shi.

To amma bidiyo kaɗai ba ya ɗaure ɗan sanda a Amurka, wannan kuma an gani. A 1991 an ɗauki 'yan sandan Los Angeles suna jibgar Rodney King da kulake, duniya ta gani, a 1992 kotun jiha ta sallame su. Ga Amadou Diallo, ɗan Gini, saurayi mai neman na kansa a New York, a 1999 'yan sanda huɗu suka buɗe masa wuta harsashi 41 a ƙofar gidansu, ba makami a jikinsa sai walat, su ma aka wanke su tas. Shi kuwa Chauvin a Afrilun 2021 aka same shi da laifin kisa, aka yanke masa shekara 22 da rabi, kuma shugaban 'yan sandan birnin da kansa ya zo kotu ya ba da shaida a kansa. Wallahi ba wanda zai gamsar da ni cewa da mutane sun zauna a gida haka za ta faru. A Louisville ma, inda 'yan sanda suka harbe wata baƙar fata, Breonna Taylor, a cikin gidanta da tsakar dare, matsin lambar ce ta sa majalisar birnin ta haramta sammacin kutsawa gida ba ƙwanƙwasa ƙofa.

Inda nake ganin aka yi sake shi ne abin da ya biyo baya. Ƙudurin gyaran aikin ɗan sanda mai sunan Floyd ya wuce majalisar wakilai a Maris 2021, ya je majalisar dattawa ya mutu a can. Kuma ko da ya wuce, Amurka ba rundunar 'yan sanda ɗaya gare ta ba, akwai hukumomi kusan 18,000, kowane birni da ƙaramar hukuma da tasu, da yawansu da ƙungiyar ma'aikata mai tsaya wa ɗan sanda ko me ya yi. Sai kuma taken nan na a janye wa 'yan sanda kuɗi, wanda ya yi daɗin faɗa a titi amma ya tsorata tsohuwar da ke unguwar da ake harbe-harbe kullum, ita so take in ta kira a zo da wuri kuma kada a kashe mata jika. Da aka kai maganar rushe rundunar Minneapolis akwatin zaɓe a Nuwamba 2021, kusan kashi 56 cikin ɗari suka ce a'a. Ƙone-ƙonen shaguna ma bai taimaka ba, da yawa na talakawa ne da baƙin haure, kuma shi abokan gaba suka riƙe suna nunawa a talabijin dare da rana.

Ku dubi baƙaƙen birnin Montgomery a 1955 bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta bar wa fari kujera a bas. Kwana 381 suna ƙaurace wa motocin bas, mata masu aikatau suna taka sayyada zuwa aiki cikin sanyi da ruwa, masu mota suna kwasar maƙwabta bisa tsari, coci-coci na tara kuɗin mai, lauyoyi kuma suna kotu a lokaci guda har kotun ƙoli ta soke wariyar a 1956. Sun san abin da suke nema, sun san wanda zai iya ba su, kuma sun taɓa aljihun kamfanin. Tattakin da baƙaƙe suka yi daga garin Selma a 1965 ma kai tsaye ya nufi dokar 'yancin zaɓe, a shekarar aka sa mata hannu.

Har yanzu 'yan sandan Amurka na harbe mutum fiye da 1,000 duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a baƙi ya ninka fari fiye da sau biyu wajen faɗawa ciki. Waɗanda suka yi wa Tyre Nichols dukan ajali a Memphis a 2023 su biyar duk baƙaƙe ne, ka ga ashe horon da rashin hukuncin su ne cutar, ba fatar mai kakin kaɗai ba. A Mayun 2025 gwamnatin Trump ta janye daga yarjejeniyar sa ido kan 'yan sandan Minneapolis da Louisville, ba a ga ko kashi ɗaya cikin goma na taron 2020 a titi ba.

Ina roƙon jaridar nan ta riƙa bibiyar irin waɗannan labarai na majalisun birane da zaɓen masu gabatar da ƙara, kada a jira sai wani bidiyon ya sake fitowa.

Na gode.
Naku, mai karatu a kullum