Wasiƙa daga Massillon

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso, na kuma ga maganar da kuke yi a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kan farfaɗo da wasanni a makarantarmu. Abin ya faranta mini rai ƙwarai, shi ya sa na ce bari in ba ka labarin garin da nake zaune, ko za ku tsinci wani abu a ciki.

Massillon ƙaramin gari ne a jihar Ohio, mutanensa dubu talatin da 'yan kai. A da garin masana'antar ƙarfe ne, yawancin masana'antun sun rufe, amma akwai abin da bai rufe ba: ƙwallon makarantar sakandaren garin. Ƙwallon Amurka nake nufi, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Filin wasan makarantar, da aka buɗe a 1939, yana ɗaukar sama da mutum dubu goma sha shida. Ka lissafa ka gani, kusan rabin gari ke nan, a wasan yara 'yan shekara sha shida, sha bakwai.

Da farko na ɗauka gwamnati ce ke riƙe da abin. Sai da babban yarona ya shiga sahun masu busa da kiɗa na makarantar, na fara zuwa taro, sannan na gane masu ɗauke da nauyin. Wata ƙungiya ce ta magoya baya, ta mutanen gari zalla, wadda aka kafa a 1934 zamanin wani koci mai suna Paul Brown. Lokacin Amurka na cikin matsin tattalin arziki mai tsanani, gidaje da dama ba aikin yi. Brown ya horar da yaran makarantar daga 1932 zuwa 1940, wasa takwas kawai aka ci su a duk shekarun nan, daga baya ya zama kocin Cleveland Browns, sannan ya kafa Cincinnati Bengals, dukansu manyan ƙungiyoyin ƙwararrun 'yan wasa ne. Sunansa ne a jikin filin yau. Ya rasu a 1991, ƙungiyar kuwa tana nan, sama da shekara casa'in ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin mutanen da ke ciki. Akwai makanike, akwai mai shago, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai dattawan da suka yi ritaya, waɗanda 'ya'yansu suka gama makarantar tuntuni. Ba wanda ake biya ko sisi. Su ne ke sayar da tikitin tara kuɗi da riguna, su shirya wa yara abinci kafin wasa, su adana tsofaffin hotuna da tarihin wasannin da aka buga tun zamanin kakanni. A lokacin kakar wasa sukan zauna da koci kowane mako, ya nuna musu bidiyon wasan da ya wuce, su yi masa tambayoyi, shi kuma ya amsa. An kuma daɗe da wata al'ada ta kai wa jaririn da aka haifa namiji 'yar ƙaramar ƙwallo tun yana asibiti. Yaro ya tashi ya san garin ya san da shi.

Babbar ranarsu ita ce karawa da makarantar McKinley ta Canton, garin da ke maƙwabtaka da mu, inda aka kafa NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, a 1920. Tun 1894 suke wannan hamayya. Makon wasan gari ya zama kamar jajibirin sallah, ko'ina launin lemo da baƙi, launukan makarantar, ga jerin gwano da dare. A ƙarshen 2023 kuma, da Massillon ta doke makarantar Hoban ta garin Akron da ci 7 da 2, ta ɗauki kofin jiha, karo na farko tun da aka fara fitar da gwani ta hanyar wasannin sili-ɗaya-ƙwale a 1972, wallahi na ga tsofaffi suna hawaye.

Ba zan ɓoye maka abin da ke damuna ba. Wasan yana da haɗarin buguwa a ka, shi ya sa ni da uwargida muka fi natsuwa da yaron yana cikin masu busa. Sannan ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi ya danganta da aljihun mutanen gari, don haka makarantar unguwar talakawa ba ta samun abin da ta masu hali ke samu. Wasannin 'yan mata ma sai da dokar tarayya ta 1972 ta tsaya musu kafin a fara ba su haƙƙinsu.

Shawarata gare ku, kada ku rufe ƙofa a kan tsofaffin ɗalibai kaɗai. Ku jawo iyaye da 'yan kasuwar unguwa da mai unguwa kansa. Kada ku fara da babban bikin ƙaddamarwa, ku fara da takalma da riguna da ruwan sha da kuɗin motar zuwa wasa, kuma a riƙa karanta wa kowa abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane zama. Ku nemi dattawan da suka buga wa makarantar a da, a rubuta abin da suke tunawa tun suna raye.

Ka sa sunana a cikin masu gudummawa, ka turo mini lambar asusun ƙungiya da ranar zamanku na gaba. Ka gaishe mini da Hajiya da uwargida da yara, da duk mutanen majalisa.

Wassalam,
Naka amini.